Yawon keke a tuddan inabi na Burgundi: tambayoyi da amsoshinsu

Duk lokacin da aka yi hirar tuƙa keke a karkarar Faransa, tambayoyin da ake jefowa kusan iri ɗaya ne: ina za a fara, tudun zai hawu kuwa, motoci fa, kuma me zai kai wanda ba ya shan giya ƙasar masu giya. Na tattara su a nan. Yankin Burgundi na ɗauka, musamman zirin tudun da ya miƙa daga Dijon zuwa Santenay, domin a nan ne aka fi samun hanya mai shiru da tudu mai hawuwa a wuri guda.

Ina ne wurin, kuma yaya shimfiɗar ƙasar take?

Burgundi tana gabashin tsakiyar Faransa, su kansu Faransawa Bourgogne suke ce mata. Daga birnin Dijon wani dogon tudu ya gangara kudu, tsawon kamar kilomita 60, fuskarsa na kallon gabas da kudu maso gabas. Shi ake kira Côte d'Or. Rabinsa na arewa Côte de Nuits ne, na kudu kuma Côte de Beaune, da sunan garin Beaune (ana furta shi kamar "Bon").

Wanda ya gane yadda tudun nan ya kasu, ya gama rabin shirin tafiyarsa. A can ƙasa akwai fili shimfiɗaɗɗe wanda ya tafi har kogin Saône. A gindin tudun babban titi ya ratsa. Sama da titin kaɗan ƙauyuka ne a jere, tsakanin wannan da wancan kilomita biyu ko uku. Daga bayan ƙauyukan gonakin inabi suka hau tudu, daga kimanin mita 220 sama da teku zuwa wajen mita 400. Inda inabi ya ƙare sai kurmi da duwatsu su karɓa. Bayan kurmin kuma akwai wata ƙasa dabam, mai tuddai da kwaruruka, ana ce mata Hautes-Côtes. Yawancin baƙi ba sa kaiwa can, alhali ga mai keke can ne daɗin yake.

Da gaske hanyoyin babu motoci?

Ya danganta da wadda ka bi. Babban titin da na ambata, D974, ka ƙaurace masa. Manyan motoci da masu sauri zuwa aiki duk nan suke bi, kuma ba abin da za ka gani a kansa wanda ba za ka gani ba a ƙaramar hanyar da ke gefensa.

Tsakanin gonakin akwai ƙananan hanyoyi masu kwalta waɗanda aka yi domin manoma. Faɗinsu na mota ɗaya ne. A kansu aka ɗora hanyar keke mai alamomi da ake kira Voie des Vignes. Sashenta da ya fi suna ya tashi daga Beaune zuwa Santenay, kimanin kilomita 22, ta Pommard da Volnay da Meursault da Puligny-Montrachet da Chassagne-Montrachet. Za ka iya yin rabin sa'a ba ka haɗu da mota ba, sai dai farar motar manomi a ajiye a bakin gona, ko wata irin tarakta mai dogayen ƙafafu wadda ke tafiya tana ƙetare layin inabi a tsakanin tayoyinta. Idan ka ji ta tafe, ka raɓe. Hanyar tasu ce, aro kake yi.

A arewa, tsakanin Dijon da Nuits-Saint-Georges, akwai D122, wadda take cikin hanyar yawon buɗe ido da aka buɗe a 1937 mai suna Route des Grands Crus. Da safe lafiya lau take. Ranakun Asabar da Lahadi na bazara kuwa motocin baƙi kan yi yawa, direbobin kuma idonsu na kan gonaki ba kan titi ba.

Tudun yana da wuya? Ni ba ɗan tsere ba ne.

Hanyar Beaune zuwa Santenay ko wanda ya daɗe bai hau keke ba zai yi ta. Hawa da gangara ne ƙanana, sai wajen Volnay da za ka ɗan ji a cinya. Wahalar tana farawa ne idan ka juya yamma ka nufi saman tudun.

Ana hawa ne ta wasu kwazazzabai da suka tsaga tudun, waɗanda mutanen wurin ke kira combe. Daga Gevrey-Chambertin akwai Combe Lavaux, hanya tana kurɗawa tsakanin bangayen dutse har ta fita Chambœuf. Daga Savigny-lès-Beaune kwari ne mai ruwa da inuwa zuwa Bouilland. Daga Meursault ana bi ta Auxey-Duresses a hau Saint-Romain, ƙauyen da ke zaune ƙarƙashin wani farin dutse mai kama da katanga, a wuce Orches, a gangaro La Rochepot inda fadar nan mai rufi kala-kala take. Yawanci hawan ba ya wuce kilomita uku zuwa shida, amma akwai inda a kowane mita ɗari hanya ke ɗagawa mita takwas ko goma. Wanda ya saba da filin Kano ko Maraɗi zai sha mamaki a rana ta farko. Ɗan Jos kuwa dariya zai yi.

Mai son gwada ƙashinsa ya hau Montagne des Trois Croix da ke saman Santenay, mita 521. Daga can ana ganin gonaki da ƙauyuka a shimfiɗe kamar tabarma. Sai dai a tuna, hangen Dala ba shiga birni ba ne: ƙauyen da kake gani kamar ka miƙa hannu ka taɓa, wataƙila akwai kwari biyu tsakaninku.

Shawarata ga mai farawa: kilomita 40 zuwa 50 a rana, hawa babba guda ɗaya, kuma a yi shi da safe tun ƙafa na da ƙarfi.

Wane irin keke ya dace?

Keken titi mai siririyar taya, amma ba siririya can ba. Faɗin milimita 28 zuwa 32 ya fi, saboda hanyoyin gona suna da tsakuwa da laka da taraktoci ke zubarwa, musamman a kwanoni. Abin da ya fi muhimmanci shi ne giya. (Giyar keke nake nufi. A wannan yanki kalmar tana da aiki biyu, sai mai karatu ya riƙa lura.) A nemi keke mai ƙaramin faranti na haƙora 34 a gaba, da babba mai haƙora 32 ko 34 a baya. Da wannan kowane tudu zai hawu, ko da a hankali ne. Birki kuma a duba shi sosai kafin a tashi, domin gangara ta fi hawa haɗari.

Ana samun hayar keke a Dijon da Beaune, har da mai batir. A dokar Turai injin irin wannan keke ba ya wuce wat 250, kuma yana daina taimako idan gudu ya kai kilomita 25 a sa'a. Wasu na ganin hawansa kasawa ne. Ni ban ga abin kunya ba. Idan shi ne zai sa miji da mata ko uba da ɗa su kai saman tudu tare, ya biya kuɗinsa.

Ka riƙe tif na canji, da kayan faci, da ƙaramin famfo, kuma ka iya amfani da su. Babu mai faci a gindin bishiya kamar yadda aka saba a gida. Shagon gyaran keke sai a gari, kuma ba ya buɗewa ranar Lahadi.

Wane lokaci ya fi kyau?

Daga tsakiyar Mayu zuwa ƙarshen Yuni, sai kuma ƙarshen Satumba zuwa tsakiyar Oktoba. A Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen tara da rabi na dare, don haka yini yana da tsawo ƙwarai. A Oktoba ganye ya juya ruwan zinariya da ja, iska ta yi sanyi, baƙi sun ragu.

Yuli da Agusta akwai zafi, kuma gonar inabi ba ta da inuwa, domin kurangar gajeriya ce. Hadari kan taso da yamma, wani lokaci har da ƙanƙara, wadda ita ce babbar fargabar manoman wurin. Afrilu kuwa sanyin asuba ne matsalarsa. A Afrilun 2021 sanyi ya ƙone sabon tofo a gonaki da yawa na Faransa, manoma suka kwana suna kunna manyan kyandirori tsakanin layuka don su ɗumama iska.

Lokacin tsinkar inabi, wanda yawanci yake faɗowa a Satumba, a shekarun zafi kuma tun ƙarshen Agusta, yana da daɗin kallo amma ba shi da shiru. Hanyoyin gona sun cika da taraktoci da motocin 'yan ƙwadago, kwalta ta yi santsi da ruwan inabin da ya ɗiga, masauki ya yi wuyar samu. Kowa a gaggauce yake, kamar dai kaka a ko'ina.

Ba na shan giya. Me zai kai ni can?

Wannan ce tambayar da aka fi yi, kuma tana da hujja. Hukuncin zuwa ko rashin zuwa na mai tafiya ne da malaminsa. Abin da zan iya faɗa shi ne yadda abin yake a ƙasa: ba wanda zai tsare ka a hanya ya miƙo maka kofi. Ɗanɗana giya ana yin sa ne a cikin rumbunan ƙarƙashin ƙasa, sai wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa, sau da yawa ma sai ya nemi izini tun kafin ranar. Mai keke yana iya ratsa yankin daga farko har ƙarshe bai shiga ko ɗaya ba.

Abin da ke waje kuwa noma ne, kuma duk wanda ya taɓa riƙe fartanya zai sami abin kallo. An yanka tudun gunduwa-gunduwa, kowace gona da sunanta da iyakarta, wasu tun ɗaruruwan shekaru. Suna kiran kowace gunduwa climat, kuma akwai 1,247 daga cikinsu a abin da hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2015. Gona biyu na iya zama ƙaramar hanya ce kawai ta raba su, amma kuɗin ɗaya ya ninka na ɗayar sau da yawa, saboda bambancin zurfin ƙasa, da yawan farin dutsen da ke ƙarƙashi, da yadda ruwa ke tsiyayewa, da lokacin da ranar safe ke fara sauka. Manomin da ya san bambancin jigawa da fadama ba zai ga wannan baƙon abu ba. Sun dai kai shi maƙura ne.

Ruhubanawan Kirista na gidan ibadar Cîteaux, wanda aka kafa a 1098, suna cikin waɗanda suka fara wannan bin diddigi. Su suka kewaye gonar Clos de Vougeot da katanga. Girmanta kamar hekta 50 ne, yau kuma masu ita sun kai tamanin, wani layuka kaɗan kawai ya mallaka, saboda gado da saye da sayarwa sun yi ta tsattsaga ta. A Vosne-Romanée za ka wuce Romanée-Conti, wadda ba ta kai hekta biyu ba, amma ana lissafa ta cikin gonaki mafi tsada a duniya. In ba don gicciyen dutse da ke bakinta da baƙin da ke ɗaukar hoto ba, ba abin da zai bambanta ta da maƙwabtanta a ido.

Ka lura kuma da yadda aka dasa kurangar a layi miƙaƙƙe, kusan dubu goma a hekta ɗaya. Da ba haka take ba. A ƙarshen ƙarni na 19 wani ƙwaro mai cin saiwa, phylloxera, wanda ya shigo daga Amurka, ya hallaka gonakin Faransa. Maganin da aka samu shi ne a yi wa inabin Turai aure da saiwar inabin Amurka wadda ƙwaron ba ya kashewa. Da aka sake dashe sai aka jera shi a layi don doki ya iya shiga da garma. Kusan kowace kuranga da za ka wuce yau, saiwarta ba'amurkiya ce.

A Beaune akwai tsohon asibitin Hôtel-Dieu, wanda Nicolas Rolin da matarsa Guigone de Salins suka kafa a 1443 domin marasa galihu. Ya cancanci a jingine keke a shiga.

Abinci fa? Da salla?

A nan sai an buɗe ido. Girkin Burgundi yana son giya da naman alade. Bœuf bourguignon (naman sa) da coq au vin (naman kaza) da giya ake dafa su. Œufs en meurette ƙwai ne, amma a miyar giya da gutsattsarin alade. Jambon persillé alade ne tsantsa. Cukun Époisses ana wanke bayansa da barasa, wasu nau'o'in mustad (wani yajin shafawa a abinci) ɗin Dijon ma akwai farar giya a ciki, sai a karanta takardar jikin kwalba. Kalmomi huɗu za su taimaka: porc (alade), lardons (gutsattsarin alade), jambon (cinyar alade), vin (giya). Idan ka ce "sans porc, sans alcool" (ba alade, ba barasa) za a gane ka.

Abin da ya rage ba kaɗan ba ne: burodi mai zafi daga gidan burodin ƙauye, cukun Comté, kifi, wainar ƙwai, gougères (wani ɗan cincin mai laushi na cuku), 'ya'yan itace, da ruwan inabi marar barasa wanda suke kira jus de raisin. A Dijon da Chalon-sur-Saône akwai masallatai da mahautan halal, don haka mai son nama ya yi guzuri daga can. A ƙauyuka babu. Ƙaramar darduma mai naɗewa ba ta da nauyi, gefen kurmi kuma ba ya rasa wuri mai tsabta. A duba jadawalin lokutan salla na garin, saboda a tsakiyar bazara isha tana kaiwa can cikin dare, asuba kuma ta yi sammako.

Abin da ya fi kama baƙo shi ne lokacin cin abinci. Gidajen abinci suna ba da na rana daga sha biyu zuwa wajen biyu, daga nan sai dare. Ƙananan shaguna suna rufewa da tsakar rana, da yammacin Lahadi, da yawa kuma har Litinin. Wasu ƙauyukan da sunansu ya zaga duniya ba su da ko kantin sayen ruwa. Ka sayi abin da za ka ci tun da safe.

Ina ake samun ruwan sha a hanya?

A maƙabarta. Na san abin zai yi wa wani banbaraƙwai, amma duk mai keke a Faransa ya san wannan: kusan kowace maƙabartar ƙauye tana da famfo kusa da ƙofa domin masu ban ruwan furanni. Ana shiga da natsuwa, a cika gora, a rufe ƙofa. Idan an rubuta "eau non potable" a jikin famfo ko maɓuɓɓuga, ba na sha ba ne.

Waɗanne dokoki ya kamata in sani?

Ana tuƙi ta dama. Doka ta ce direba ya bar wa mai keke tazarar mita ɗaya a cikin gari, mita ɗaya da rabi a wajen gari, kuma yawanci suna kiyayewa. Hular kwano dole ce ga yaro ɗan ƙasa da shekara 12 tun 2017, babba kuma ba a tilasta masa ba, amma gangarar Saint-Romain ba wurin gwada sa'a ba ne. An hana sa abin sauraro a kunne yayin tuƙi tun 2015, har da mai keke. Da dare ko cikin hazo a wajen gari sai da fitila da riga mai ƙyalli. Mutum biyu na iya jerawa, amma su koma layi ɗaya idan mota na son wucewa.

Wadda ta fi rikita baƙo ita ce priorité à droite: a mahaɗar da ba ta da alama, wanda ya fito daga damanka shi ke da hanya, ko da daga ɗan lungu ya fito. A cikin ƙauyuka ana aiki da ita sosai. Lambar neman agaji 112 ce.

Akwai kuma wadda ba sai ɗan sanda ya faɗa ba. Gonakin ba su da shinge, amma suna da masu su. Ba a tsinkar inabi, ba a shiga tsakanin layuka da keke, ba a hawa katangun dutse. Idan ka ga ana feshi, ka dakata ko ka sauya hanya. Kuma ka gaida mutane. "Bonjour" kafin kowace tambaya, a shago ko a bakin gona, tana buɗe fuska. Bahaushe dai ba a koya masa gaisuwa.

Yaya ake zuwa da keke?

Jirgin ƙasa mai sauri, TGV, yana ɗaukar kamar sa'a ɗaya da minti 40 daga tashar Gare de Lyon ta Paris zuwa Dijon. A cikinsa sai dai a kwance keke a sa a jaka, ko a yi ajiyar gurbi tun wajen sayen tikiti a jiragen da ke da shi. Ƙananan jiragen yanki, TER, sun fi sauƙi, suna da wurin rataye keke, kuma suna bin gindin tudun: Dijon, Nuits-Saint-Georges, Beaune, Meursault, Chagny. Amfanin wannan shi ne idan ƙafa ta gaza ko hadari ya haɗo, tasha ba ta da nisa. A dai duba ƙa'idar lokacin, domin a bazara akan buƙaci a yi wa keken rajista.

Mai fasfon Najeriya ko Nijar ko Ghana yana buƙatar bizar Schengen, wato bizar da ake shiga Faransa da yawancin ƙasashen Turai da ita. Kuɗinta ya koma yuro 90 tun Yunin 2024, kuma ana neman inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000. Wajen masauki, a nemi alamar Accueil Vélo, wadda ke nuna gidan yana da wurin kulle keke da kayan gyara.

Idan na gama da wannan zirin, sai ina?

Daga Santenay za ka iya sauka bakin Canal du Centre, inda hanya take a miƙe ba tudu, ko ka ci gaba kudu ta Givry zuwa Cluny a kan tsohon layin dogo da aka mayar hanyar keke a 1997. Gaba da Cluny akwai ramin Bois Clair, kilomita 1.6 a cikin dutse, sanyi ƙalau ko a tsakiyar bazara. Ana rufe shi da hunturu saboda jemagun da ke kwana ciki. Daga nan sai dutsen Solutré, sai Beaujolais, inda tuddan suka fi tsayi, hawan kuma ya fi tsawo.

Masu bin gasar tseren keke ta Tour de France za su so zagayen da aka yi a 2024 daga Nuits-Saint-Georges zuwa Gevrey-Chambertin, kilomita 25.3, wanda ya hau Hautes-Côtes ya gangaro cikin gonaki. Remco Evenepoel ɗan Beljiyam ya cinye shi cikin ƙasa da rabin sa'a. Washegari Biniam Girmay ɗan Eritiriya ya lashe zangon da ya tashi daga Semur-en-Auxois, a jihar da tudun yake ciki, wadda ita ma sunanta Côte-d'Or, a shekarar da ya tafi gida da koriyar riga, wadda ake ba wanda ya fi tara maki a gasar. Zagayen na Evenepoel, mai tafiya irin tamu ya ware masa sa'a biyu, da tsayawa shan ruwa a maƙabartar wani ƙauye a saman tudu.